Inda Na Baro Maburgina

Tun ranar da na dawo daga Hunkuyi ƙofar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo wai aron turmi, waccan wai ɗiban wuta, alhali kowace da ashana a ɗakinta. Duk dai a ji labari. "Gwaggo, yaya garin?" "Gwaggo, da gaske ne sai an sa safar hannu?" "Gwaggo, wai ina maburginki?" Na faɗa, na sake faɗa, har maƙogwarona ya bushe. Shi ne na ce wa Binta matar ɗana, wadda ke koyarwa a firamare, ta ɗauko biro da takarda. Ni ban yi boko ba, baki Allah ya ba ni, kuma bai yi mini rowa ba. Daga yau wadda ta tambaya a karanta mata. Binta, yadda na faɗa haka za ki rubuta, kar ki gyara mini zance.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Hansatu Mai Salo ta Ikara. Shekara arba'in da ɗoriya ina tsiyaya toka, ina dafa ta da man kaɗanya, ina cura sabulun salo. Babu jaririn da aka yi wa wankan farko a unguwarmu da sabulun wata ba nawa ba. Sai zamani ya zo da nasa, sabulun ruwa kore da shuɗi a cikin gora, da wanda 'yan mata ke wanke gashi da shi suna ce masa shamfu. Ana nan sai saƙo ya iso wa ƙungiyarmu ta mata: za a koyar da haɗa shi a Hunkuyi kwana biyu, kowace ƙungiya ta turo mace ɗaya, ta haɗa nata da hannunta, ta dawo da shi a jarka ta koya wa sauran.

Ni ce uwar ƙungiya, ban ga abin shawara ba. Sai Lantana mai shagon kayan shafa, wadda ta gama sakandare take ganin ta gama duniya, ta ɗaga hannu.

"Gwaggo, ba raini ba, abin nan na awo ne da rubutu. Ki huta, mu yara mu je."

Na ce, "Ke Lantana, ranar da aka haife ki da sabuluna aka wanke ki. Datti ya fita, rashin kunya ce ta ƙi."

Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa dariya ita ce giyata. Na miƙe na ce, "Ku shaida. In na dawo a kawo ludayi gaban kowa. In sabulun bai zubo da kauri kamar zuma ba, na sauka daga kujerar nan Lantana ta hau, kuma kar wanda ya ƙara ce mini Mai Salo." Sai da na koma gida na zauna na ce, Hansatu, bakinki ya riga ƙafarki isa Hunkuyi.

Na ƙulle zani uku, da buta, da curin salo shida na tsaraba, da maburgina. Maburgin nan na mahaifiyata ne, yatsu biyar gare shi, ya yi baƙi ya yi sulɓi don tsufa. Ba na kwana a wani gari ba shi, don ban yarda da madafin kowa ba. Binta ta yi ta dariya wai makaranta za ni, ba gidan biki ba. Binta, rubuta cewa kin yi dariya.

A tashar Ikara na samu ƙaramar mota, mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga akuya a but tana ta kai ƙara. Direban Bakano ne, yana hango maburgi ya leƙo daga ƙunshina ya fara.

"Iya, ku Zage-zagi ko hajji za ku sai da kayan miya?"

Na ce, "Kai dai Bakano kula da titi. Da ana sayar da ramukan nan da tuni kun yi musu dillanci."

Na roƙe shi in mun zo inda ƙasar Ikara ta ƙare ya nuna mini, don ni a zatona akwai ƙofa, ko aƙalla dogari. Can ya rage gudu ya ce, "Ga iyakar, Iya." Na duba. Wani allon ƙarfe ne da tsatsa ta cinye rubutunsa, wata ta shanya zanin goyo a kansa. Na yi bisimilla muka ƙetare. Dawar can kamar dawar nan, sai dai tamu ta ɗan fi tsayi, kowa ya gani ya sani.

Gaba kaɗan wasu masu katako mai ƙusoshi suka tare mu suna duba kayan gona. Ɗaya ya zura hanci a ƙunshina ya ce, "Iya, daddawa ce?"

Na ce, "Sabulu ne, ɗana. Da alama kun daɗe ba ku gaisa ba, shi ya sa ba ka shaida shi ba."

Abokan aikinsa suka riƙe ciki, suka ja katako, muka wuce.

Makarfi kuwa, jama'a, garin rake ne. An jingine shi gini-gini, ga mazarƙwaila an jera kamar tubali. Mu a Ikara tumatir muke taƙama da shi, su kowa ka gani bakinsa na motsi, har wanda aka yi wa sallama sai ya tofar da ɓawo yake amsawa. Ina jiran motar Hunkuyi ta cika na ce bari in ɗanɗana. Ina da wani haƙori na gefe da ya shekara yana rawa. Gatsa ɗaya na yi, na duba raken, sai ga haƙorina a tsaye a jikinsa kamar an dasa. Mai raken ya ruɗe yana ta sannu. Na ce, "Bar shi, ɗana, ya ga garin da ya fi so." Na binne shi a gindin wata bishiya. Duk wanda ya je Makarfi ya gaishe shi.

A Kudan motar ta tsaya aka cuso mana wata dattijuwar Bafulatana, siririya kamar sillen kara, da ƙwarya rufe da faifai a cinyarta. Kusa da ni ta zauna. Rami na farko da muka faɗa, nono ya yi tsalle ya sauka a kan sabon zanina. Na buɗe murya yadda duk motar za ta ji.

"Ke Bafulatana! Akushi kika mai da ni? Ina aka taɓa shiga mota da nono kamar za a shayar da direba?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya." Ta sa gefen mayafinta tana goge mini. Ban yi shiru ba sai da na ƙara mata biyu. Sai da muka sauka a Hunkuyi na ga abin da ya faru a ɗaya gefen: tun daga Kudan yatsun maburgina ke sukar ta a haƙarƙari, har sun huda mata riga. Ta dai tsaya ta ƙura masa ido ta ce, "Maburgin nan ya ga duniya. Yanzu ba a samun irinsa." Na ja ƙunshina na rungume kamar ta ce za ta ƙwace.

Ashe ita ma koyon sabulun ta zo, matan Kudan ne suka turo ta. Sunanta Inna Dudu. Aka sauke mu a gidan wata Hajiya, mu goma sha biyu a babban ɗaki, kuma da Allah ya tashi ikonsa tabarmata na jikin tata. Bayan magariba aka kawo faten tsaki. Mutanen Hunkuyi mutanen kirki ne, amma yakuwarsu ba ta da imani, cokali ɗaya na kai kunnuwana suka miƙe. Kuma komai sai sun jefa masa dankali, ina jin ko shayi ka nema sai ka tsamo guda. Ana cikin haka sai ga kindirmo an zagayo da shi, fari sol, mai kauri, ba tsami ba gardi. Na sha ludayi biyu na lashe baki na ce wa ya kawo wannan albarka. Aka nuna mini maƙwabciyar tabarmata. Wanda ya zuba a zanina ne. Na juya na fuskanci bango.

Da safe wani abin ya ƙara sosa mini rai. Na ba Hajiya curin salo tsaraba, ta kai bakin rijiya ta gwada, sai ya ƙi kumfa, wani fari-fari kawai ya taso a kan ruwan. Salona! Na ce lalle ruwan rijiyar nan akwai magana.

A wata firamare aka yi karatun, yara na hutu. Ranar ce ranar farko da na taɓa zama a aji, a kan bencin da aka yi wa 'yan shekara bakwai, gwiwoyina har haɓa. Malamarmu, Malama Rukayya, yarinya ce da ba ta kai Binta ba, da farar riga har gwiwa, an ce haɗa sinadarai ta karanta a Zariya. Na ce bari mu ga abin da ƙwai zai koya wa kaza.

Ta zuba ruwa da man gyaɗa a kwalba ta girgiza ta ajiye. Suka rabu, mai a sama, ruwa a ƙasa. Ta ɗebo wani abu fari mai danƙo kamar kitse, ta ce sunansa tekzafon, shi ne mai kumfa. Ta ɗiga kaɗan ta sake girgizawa, sai suka haɗe suka yi fari kamar madara.

Ta ce, "Iyayena, kowace ƙwayar abin nan, wadda ido ba ya gani, kai gare ta da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar tana son maiƙo. In suka samu maiƙo a gashi ko a fata sai su kewaye shi, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje, su dunƙule shi. Ruwa ya zo ya kama kawunan ya tafi da su duka."

Na ce, "Dillaliya ke nan. Ƙafa ɗaya a wannan gida, ɗaya a wancan, ba ta faɗa da kowa, kuma ba ta fita hannu wofi."

Ta yi dariya ta ce ko malaminta bai faɗa haka ba. Na ce to salona fa? Ta ce, "Shi ma aikinsa ke nan, Gwaggo. Shekara arba'in kina kimiyya ba ki sani ba. Sai dai in ruwa na da zartsi yakan kama kan salo ya ɗaure shi, shi ya sa ya ƙi kumfa a rijiyar Hajiya. Wannan kuwa bai damu da zartsi ba." Na waiwaya dama da hagu don in tabbata kowa ta ji maganar shekara arba'in, kuma ta ji cewa laifin rijiya ne.

Daɗi ya ɗebe ni na tsoma yatsa a wani kofi zan kai baki, don mu da harshe muke gane ƙarfin ruwan toka. Kafin ya isa ta cafke wuyan hannuna. "Gwaggo! A nan ba a ɗanɗanawa!" Aka sa mini safar hannu ta roba, aka ɗaure mini baki da hanci da ƙyalle. Wata daga baya ta ce wannan ƙyallen tun daga Ikara ya kamata a ɗaura shi. Na gane muryarta, na yafe mata.

Sai ta fito da abu na biyu, wani farin gari. Ta ce irinsa ake kira folima, daga ƙwayar wani wake ake yinsa. Sunansa na ainihi ya fi ƙarfin bakina, balle ga giɓin Makarfi, don haka na raɗa masa garin yauƙi. Ta ce shi ba kai da wutsiya gare shi ba, zare ne dogaye. In ya sha ruwa sai ya miƙe ya sarƙe. In ya haɗu da mai kumfa, dunƙulallun nan sai su jeru a jikinsa kamar duwatsu a zaren jigida, sabulun ya yi jiki, ya rage kaifi a fata. Kuma in aka zo ɗauraya, ruwa ya yi yawa, kumfa ta tafi da datti, shi kuwa zaren ya saki ya kwanta a gashi, mataji ya wuce sumul.

Na buga cinya na ce, "Karkashi! Malama, ai karkashi kike ta kewaye-kewaye ba ki faɗa ba. Da shi kakata ke wanke mana kai ranar kitso."

Ta ce, "Ɗan'uwansa ne, Gwaggo, uwa ɗaya uba ɗaya."

Aka ba kowace ruwa a roba ta jiƙa garinta, don sai ya kwana za a yi aiki da shi. Ta ce a zuba a hankali. Ina! Mata suka juye shi gaba ɗaya suna juyawa da cokali. Sai gudaji, ƙulu-ƙulu kamar idon kifi, waje ya jiƙe ciki gari. Aji ya rikice, masu biro da littafi sun fi kowa kuka. Ni ina zaune ina kallo, sai zuciyata ta ce, Hansatu, ina kika san wannan halin? Kuka! Garin kuka ne sak, in ka juye shi a tukunya ya dunƙule ya yi maka dariya.

Na zare ƙyallen baki, na kwance ƙunshina, na zaro maburgi. Amma maburgi hannu biyu yake ci, wa zai barbaɗa? Ban ɗaga kai ba sai na ga wasu siraran yatsu a kan robata suna sakin garin kaɗan-kaɗan kamar yayyafi. Inna Dudu ce. Ina murzawa tana barbaɗawa. Ruwan ya yi sumul, ya yi yauƙi, ko ƙwayar gudaji babu. Malama ta ɗaga waya tana ɗauka. Wata ta rangaɗa guɗa. Kafin azahar mata sun yi layi a gabana, har da wata mai tabarau da aka ce ta yi kwaleji, tana cewa, "Gwaggo, don Allah a taimaka wa tawa." Na burge roba goma sha biyu. Kaina ya kumbura har ɗankwali ya yi mini kaɗan. Na ce ina ma Lantana na leƙe ta taga.

To, a nan ne Shaiɗan ya samu wurin zama.

Washegari aka ba kowace bokiti da kayanta a ƙulle a leda, an auno su daga Kano daidai mu goma sha biyu, babu ƙari. Muka narka mai kumfa, muka zuba yauƙin jiya, da turare mai ƙamshin lemo, da kala kore, da maganin hana lalacewa, muna juyawa da sanda a hankali don kar kumfa ta tashi. Har a lokacin abin ruwa-ruwa ne. Na ƙarshe shi ne gishiri, gishirin miya da kuka sani, kowace cikin ɗan gwangwanin tumatir. Malama ta tsaya tana bayani a kansa, har tana ɗaga yatsa. Ni kuwa a daidai lokacin mai tabarau na ba wata labarin maburgina, kunnena na can.

Na barbaɗa gishirina ina juyawa. Jama'a, ban taɓa ganin abin mamaki irin wannan ba. Ruwan da ke gudu ya fara nauyi, sanda ta fara turjewa. Na ɗaga ludayi, sai ga shi yana zubowa zarara kamar zumar kaka. Na yi ihu. Na ga fuskar Lantana a cikin bokitin ƙiri-ƙiri. Sai zuciya ta ce: in gwangwani ɗaya ya ba da zuma, biyu fa? Ai sai ludayi ya tsaya da ƙafarsa. A kai Ikara a ce Lantana ta yanka da wuƙa.

Na dubi gefe. Inna Dudu komai nata a sannu take yi, gishirinta na ajiye ba ta kai gare shi ba. Na ce, "Ke, ba kya amfani da wannan ne?"

Ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ta ce, "Ɗauka, Yaya."

Binta, kar ki rage wannan. Na san fulako. Shekara sittin ina zaune da Fulani, na san Bafulatana ko yunwa za ta kashe ta, in ka miƙa mata abinci sai ta ce ta ƙoshi, in ka roƙi abin hannunta ba za ta ce tana so ba. Na san "ɗauka" ɗin nan ba ɗauka ba ce. Na ɗauka.

Na juye shi duka. Ya ƙara kauri na ɗan lokaci har na fara rausaya. Sai kore ya dushe ya yi hazo-hazo. Sai sanda ta yi sauƙi a hannuna. Na ƙara juyawa, ta ƙara sauƙi. Na ɗaga ludayi: tsululu, kamar ruwan wanke shinkafa. Na juya hagu, na juya dama, na karanta duk abin da na haddace. Ya tsinke. Garin neman ƙiba na samo rama.

Malama ta iso kaina. Ta dubi bokiti, ta dubi gwangwani biyu wayam a gabana, ta dafe kai.

"Gwaggo, ai shi nake ta faɗa. Gishiri kaɗan yana sa dunƙulallun nan su haɗu su yi tsawo kamar tana, su harɗe, shi ne kaurin. In ya wuce iyaka sai harɗewar ta warware, komai ya koma ruwa. Tudu ne, kin hau kin kai ƙololuwa, kin gangara ta baya."

Na ce a tsame shi mana. Ta ce ba a tsame gishiri. Na ce a ƙara ruwa. Ta ce sai sabulun ya mutu gaba ɗaya. Na ce a ba ni wasu kayan. Ta ce babu ko cokali.

"Magani ɗaya ne," in ji ta, "a haɗa shi da wanda ba a sa wa gishiri ba ko kaɗan."

Wannan ai na sani tun ina budurwa, miyar da gishiri ya zarce da wata tukunyar lami ake ceto ta. Na duba ajin. Kowace ta riga ta zuba nata, sun yi zuma suna ta murna. Bokiti ɗaya ne lami, mai shi na tsaye tana juya ruwa, ba ta kai ƙara ba, ba ta nemi wani gishirin ba. Malama ta ce mata, "Inna, ke naki ba matsala. Yanzu za a karɓo gishiri a kanti ki kammala abinki."

Kun ji fa. Ita ba ta bukatata ko na ƙwayar zarra. Ni ce nake bukatarta.

Tsakanina da ita taku uku ne. Wallahi sun fi Ikara zuwa Hunkuyi nisa. Ni Hansatu, da rabona da durƙusa wa mace tun rasuwar uwar mijina, na kai gwiwa ƙasa a gaban mata goma sha ɗaya.

Na ce, "Inna Dudu, na zage ki a mota. Maburgina ya huda miki riga. Na sha kindirmonki na juya miki baya. Na cinye miki gishiri ina sane. Yanzu kuma bokitinki na zo roƙo. In na koma Ikara da wannan ruwan, sunana ya ƙare."

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dariya take yi! Ta ce, "Yaya, tashi. Gwiwar nan na ji ƙararta, ba ta saba ba."

Ta juya ga Malama ta ce, "In an haɗa zai yi?"

Malama ta ce, "A lissafi zai yi, gwangwani biyu a bokiti biyu. Amma ban taɓa gwada wanda ya tsinke haka ba. In ya ƙi, ke ma kin rasa naki, kuma matan Kudan na jiranki."

Inna Dudu ta ce, "Madara ma ba ta zama kindirmo sai an zuba mata tsohon tsami." Ta dube ni da gefen ido don in san wace ce tsohon tsamin. Ta ɗaga bokitinta da kanta ta juye a babbar roba, na juye nawa a kai.

Muka kama sanda ɗaya mu biyu. Juyi goma, ruwa. Juyi ashirin, ruwa. Zufa na bin bayana. Can sai na ji sandar ta ɗan ja. Na dube ta, ta dube ni. Hazon ya fara washewa, kore ya dawo garau har ana ganin gindin roba. Malama ta tsoma ludayi ta ɗaga sama, sama, sama, abin na bin sa bai yanke ba.

Guɗar da na yi, an ce har masu awon hatsi a kasuwa sun waiwayo. Na taka rawa a tsakiyar aji, ɗankwalina ya faɗa bokitin mai tabarau, na rungume Inna Dudu na ɗaga ta sama, don ba ta fi kaza nauyi ba, tana cewa, "Yaya, sauke ni, mutane na gani!"

Aka raba mana a jarka biyu. Na zauna ina jiran ta yi mini gori, ko ta faɗi abin da take so, don in samu abin ramawa in huta. Ba ta yi gori ba, ba ta nemi komai ba. Wannan shi ya fi komai kashe ni. A motar dawowa muka zauna wuri ɗaya, na juya yatsun maburgi suna sukar nawa haƙarƙarin, na ji abin da ta ji. Da muka iso Kudan ta sauka da jarkarta da ƙwaryarta wayam. Na zaro maburgin na miƙa ta taga na ajiye a cikin ƙwaryar.

"A'a, Yaya, ina da nawa."

"Riƙe."

"Na mahaifiyarki ne fa, kin faɗa a aji."

"Shi ya sa. Ba ya zama hannun marowaci."

"Wallahi na gode, amma ba na bukata."

Na ce, "Wannan karon na san fassarar maganarki. Direba, ja mota!" Muka tashi, na waiga na hango ta a bakin titi, ta riƙe shi a ƙirji da hannu biyu.

Sauran kun gani da idonku. An taru a tsakar gidana, Lantana da kanta ta riƙe ludayi, ta ɗaga har ta yi ɗage, bai yanke ba. Ta wanke kanta a nan take, mataji ya wuce ba gardama, ta ce, "Gwaggo, na sallama." Kujerata tana nan, sunana yana nan. Amma abin da ban faɗa muku ba ranar, saboda guɗa ta yi daɗi ban so in katse ta, shi ne rabin abin da ke jarkar nan na Kudan ne. Yau na faɗa, an kuma rubuta, ba ya gogewa. Shi ya sa da muka fara haɗa namu na ce Lantana ta riƙa rubuta awo, kuma gwangwanin gishiri a hannunta zai zauna. Kun ɗauka karamci ne. Tsoron hannuna nake yi.

Na sayi sabon maburgi a kasuwa, mai yatsu uku, ragon banza, miyar kukata har yau sai an tsinci gudaji. Amma shekaranjiya direban nan Bakano ya yi sallama a ƙofar gida da ƙwarya rufe da faifai, ya ce wata siririyar tsohuwa ce ta bi tasha-tasha tana cigiyar motar Ikara, a kai wa mai giɓi. Na buɗe. Kindirmo ne, an burge shi sumul, irin burgin da icce ɗaya kawai na san yana yi.

To, masu tambaya, haƙorina yana Makarfi yana hutawa, maburgina yana Kudan yana aiki. Binta, ajiye biron haka nan, miƙo mini ludayi tun bai yi tsami ba.